Wuƙar 'Yar Raino

"Cire takalminki, nan ba tasha ba ce."

Da wannan Saude ta tarbi yarinyar, ko sallamarta ba ta gama amsawa ba. Yarinyar ta zare silifas ɗinta ta jingine su jikin randa, sannan ta durƙusa har ƙasa.

"Ina wuni, Anti."

"Ni ba antinki ba ce. Malama ake ce min. Ya sunanki?"

"Zuwairatu."

"Shekarunki nawa?"

"Sha biyar."

"Daga ina?"

Yarinyar ta dubi tsohuwa mai ƙosai, maƙwabciyar Saude, wadda ta kawo ta.

"Daga nan ƙauye," in ji tsohuwar da sauri. "Ɗiyar mutunci ce, Malama. Ba ke kika ce in samo maki 'yar raino ba? To ga ta."

Saude ta ƙare wa yarinyar kallo daga sama har ƙasa. Doguwa ce siririya, da hijabi ruwan toka wanda ya sha wanki, da 'yar jakar leda a hammata. Ba ta yi kama da mai neman abinci ba, kuma wannan ne ya fi ɓata wa Saude rai.

"Kwana uku zan gwada ki," ta ce. "In kin yi min, ki zauna. In ba ki yi ba, ƙofar da kika shigo ba ta da makulli."

Duk wanda ya san Malama Saude zai rantse ba ita ce ke wannan magana ba. Mace ce da ko akuyar maƙwabta ta shigo ta zubar mata da tsaba, lallaɓa ta take yi ta fita. Amma kwana goma ke nan tana kwana da tsoro tana tashi da shi, kuma tsoro in ya daɗe a zuciyar mai haƙuri, masifa yake komawa.

Shekara biyu da rasuwar mijinta Tayyib a hatsarin mota. Ya bar mata Sadiq, wanda yanzu yake shekara biyar, da cikin Nana Hadiza, da ɗan gidan nan da ya gina a Safana. Iyayenta sun daɗe da rasuwa. Koyarwa take yi a firamare, tana shiga aji da Nana goye a baya, har sai da hedimasta ya kira ta ofis ya ce aji ba ɗakin raino ba ne, ta nemi mai riƙe mata ko ta nemi wani aikin.

Wannan duk mai sauƙi ne. Mai wuyar ita ce maganar Hajiya Rahma, uwar marigayi, wadda ta taso takanas daga Batsari kwana goma da suka wuce, ta ƙi ko zama a kan tabarma.

"Na ji labari," ta ce. "An ce wani ɗan fawa na zarya ƙofar gidan ɗana. Mahauci, Saude! Mazan Safana sun ƙare ne? To buɗe kunnenki. Ke bazawara ce, ba mai ɗaure ki. Amma ɗiyan ɗana ba su tashi gidan da ake shanya fata tsakar gida. Ranar da na tabbatar kina tare da shi, ran nan Sadiq da Nana za su kwana Batsari, kuma sun kwana ke nan. Ga Jafaru nan, yayan mijinki, tun da kika fita takaba yake maki magana kina yi mai yanga. Kada ki ga ina nesa. Ina da ido cikin garin nan."

Ɗan fawar da ake magana shi ne Ikrima, mai teburin nama a kasuwar Safana. Bara, ranar da zazzaɓi ya shiɗar da Sadiq a tsakiyar kasuwa, mutane suka kewaye ta suna salati ba wanda ya motsa, shi ne ya bar teburinsa a buɗe ya saɓi yaron ya ruga asibiti da gudu. Tun daga ranar zuciyar Saude ta daina jin maganarta. Ba ta taɓa zuwa gidansu a Zakka ba, ba ta san kowa nasa ba. Shi kaɗai ta sani, kuma shi ɗin ya ishe ta.

Ranar da Hajiya ta tafi, Saude ta tsaida shi a zaure tana kuka.

"Ka daina zuwa, Ikrima. Don Allah ka daina. Za su ƙwace min 'ya'ya, kuma ba ni da wanda zai tsaya min."

"Ni fa? Ni ba mutum ba ne?"

"Kai ne dalilin ai! Ka ba ni lokaci, ko wata uku ne, hankalinsu ya kwanta."

Ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, idonsa ya yi ja.

"Zan jira. Ko shekara uku ne zan jira. Amma Saude, wa zai riƙe miki Nana ki je aiki?"

"Allah zai kawo."

To yau ga wata ta zo daga "nan ƙauye", ba sunan gari, ba sunan uba. Saude ta tuna da idon da Hajiya ta ce tana da shi.

*

Ba a yi awa guda ba yarinyar ta ƙara mata zargi.

Nana ta farka daga barci tana tsala kuka. Kafin Saude ta miƙe, Zuwairatu ta riga ta ɗauke ta.

"Yi shiru, Nana, yi shiru. Ina ɗankwalin naki?"

Ta waiga ta hango wani tsohon ɗankwali a kan igiya, ta ciro ta damƙa wa yarinyar. Nana ta cusa shi a kumatu ta yi tsit.

Saude ta taso a hankali.

"Wa ya faɗa miki sunanta?"

"Na... na ji kin kira."

"Ban kira ba. Wa kuma ya faɗa miki ba ta shiru sai da tsohon ɗankwalina?"

Zuwairatu ta sunkuyar da kai tana jijjiga yarinya.

Shi ke nan, Saude ta gama yanke hukunci. Wannan abu ne da 'yan gida kaɗai suka sani. An zaunar da yarinyar nan a Batsari an karanta mata gidan tas, sannan aka turo ta ta hannun mai ƙosai. Korar ta kuwa ba dama, don kora ita ce za ta nuna akwai abin ɓoyewa.

Ta shiga madafa ta zaƙulo wani tsohon kwanon sha da ya lotse, ta cillar da shi gaban yarinyar.

"Ga naki nan. A ciki za ki ci, a ciki za ki sha. Kada in ga bakinki a moɗar randata, kada in ga hannunki a kwanon 'ya'yana. Ɗakina kuwa ko labulensa kika taɓa sai na sani."

Zuwairatu ta dubi kwanon, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta ɗauka ta je ta wanke.

"To, Malama."

Washegari Saude ta tafi makaranta, amma hankalinta na gida. Ana buga ƙararrawar tara ta hau acaɓa ta dawo, ta saɗaɗo ta zaure kamar ɓarauniya a gidanta. So take ta kama yarinyar tana bincike a ɗaki, ko tana barci yara na wasa da wuta.

Abin haushi, ta tarar da tsakar gida a share fes. An yi wa Sadiq wanka an shafe shi da mai, yana zaune a inuwa yana zana baƙaƙe a ƙasa da tsinke. Nana na barci a bayan Zuwairatu, an ɗaure ta da zani tamau yadda ko uwarta ba ta iya ba.

Ita kuwa yarinyar tana bayan madafa, da wata 'yar ƙaramar waya a kunne, tana magana ƙasa-ƙasa.

"Eh, lafiya lau suke... A'a, ba ta ci komai ba da safe, haka ta fita... Ta rame fa sosai... A'a, ba wanda ya zo."

Ba wanda ya zo! Saude ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta fito fili.

"Da wa kike waya?"

Zuwairatu ta zabura, ta cusa wayar a hijabi.

"Da gida."

"Wane gidan? Gidan da aka ce ki ƙirga lomata? To ki faɗa musu na rame. Ki faɗa musu su suka ramar da ni. Munafuka kawai, 'yar ƙanƙanuwa da ke kin iya gulma!"

"Malama, wallahi ba..."

"Rufe min baki! Kin ga na yi kama da sa'arki?"

Sadiq ya taso ya riƙe zanin Zuwairatu yana kallon uwarsa da tsoro. Kwana ɗaya tak, har ɗanta ya san bayan wanda zai ɓuya. Wannan ma ya ƙara ƙona mata rai.

Da la'asar wayar Saude ta yi ƙara a kan tabarma. Ta duba, Ikrima ne. Yatsanta har ya kai kan wayar, sai ta hango Zuwairatu tsugune a bakin rariya tana wanke kayan Nana, kunnenta a buɗe.

Nan take dabara ta zo mata, irin dabarar da mutum ke yi wa kansa tafi a kanta kafin ta kashe shi. Tunda Hajiya ta turo kunne, to bari a cika mata shi da abin da take son ji.

Ta bar wayar ta gama ruri, ta yi tsaki mai ƙarfi.

"Wai ni mahaucin nan mayya ce ta haife shi? An ce ba a so, ba a so!"

Ta ɗaga murya yadda ko mai ƙosai za ta ji ta katanga.

"Don ya taɓa kai min yaro asibiti shi ke nan na zama sa'arsa? Ni da ɗan fawa? Allah ya sawwaƙe! Mutanen da ko sun yi wanka da sabulu bakwai ƙarni ba ya barin jikinsu. Gidansu ƙuda, tufarsu jini, zuciyarsu ba tausayi don sun saba da yanka. In haɗa jini da su in ce wa 'ya'yana me? Wallahi ko kwano suka ci abinci a ciki sai na wanke shi da toka."

Kowace kalma sai da ta yanke ta kafin ta fito. Tana faɗa tana neman gafarar Allah a zuci, tana cewa Ikrima ba zai taɓa ji ba, Batsari za a kai.

Hannun Zuwairatu ya tsaya cak a cikin ruwan kumfa.  Sannan ta ci gaba da cuɗa rigar Nana, a hankali, ba ta ɗago ba.

Saude ta ce a ranta, saƙo ya isa.

*

Rana ta uku Juma'a ce, an tashi makaranta da wuri. Saude ba ta daɗe da shigowa ba ta ji tsayuwar a-kori-kura a ƙofar gida. Hajiya Rahma ta shigo da lulluɓinta, Jafaru na biye da ita, ya sha babbar riga da turare kamar yau ne ɗaurin auren, riƙe da ƙatuwar leda.

Aka yi gaisuwa mai tsawo wadda ba ɗigon daɗi a cikinta. An tambayi gida, an tambayi aiki, an tambayi yara, kowa fuskarsa a ɗaure.

"Cinyar rago ce," in ji Jafaru, ya dire ledar yana murmushi. "Daga Batsari na sawo maki, amaryata. Daga yau duk sati zan riƙa kawowa, don kada ki ce kina da dalilin bi ta layin mahautan Safana."

"Na gode, Yaya," ta ce, ta danna kalmar yadda zai ji matsayinsa.

Hajiya ta hango Zuwairatu da Nana a baya, ta yamutsa fuska.

"Wagga kuma ɗiyar wa ce?"

Saude ta kusa yin dariya. Lallai tsohuwa ta iya wasan kwaikwayo.

"'Yar raino ce, Hajiya. Gwada ta nake."

"To ta yi amfani. Ba wuta garin nan, naman ga in ya kai yamma ya lalace. Ke ɗiyar nan, ɗauko faranti da wuƙa. Saude, zo ki riƙe mata ta yanka."

Haka ake yi a kowane gida, ɗaya ta riƙe nama ta ja, ɗaya ta yanka. Amma Zuwairatu ta riga ta durƙusa gaban farantin.

"Ba sai an riƙe min ba."

Ta ɗauki wuƙar ta gwada kaifinta da babban yatsa, ta ɗan taɓe baki. Ta miƙa hannu ta ɗauko ta biyu, ta shiga goga su da juna, ƙyas-ƙyas-ƙyas, da sauri, ko kallonsu ba ta yi. Sannan ta juya cinyar, ta laluba da yatsa ta sami gaɓa, ta sa tsinin wuƙa. Ba sara, ba kokawa. Ƙashi ya zaro fes, ko ɗigon tsoka bai bi shi ba.

Ba ta san ana kallonta ba. Hannunta ne ke aikin da ya saba tun tana ƙarama. Ta kwantar da wuƙar ta shiga buɗe tsokar tana warware ta kamar turmin atamfa, har ta zama shimfiɗa guda siririya irin ta kilishi, wadda in an ɗaga ana hango rana ta cikinta.



"Ke!" Muryar Hajiya ta fito kamar bulala. "Gidan wa kika koyi wanga yanka?"

Zuwairatu ta dubi hannunta, ta dubi naman. Sai a lokacin ta gane abin da ta yi.

"Shekara sittin ina yanka nama," in ji Hajiya tana miƙewa, "ban taɓa zare ƙashi haka ba, kuma ba macen gida da ta iya. Wanga hannu na Rundawa ne, mahauta. Ɗiyar wa ce ke?"

Saude ta dubi surukarta, ta ga ba wasa a fuskarta. Hajiya ba ta san yarinyar nan ba. Ba ta taɓa ganinta ba. 

Yarinyar tana iya yin ƙarya. Amma ta ajiye wuƙar ta miƙe tsaye, karo na farko a kwana uku ta ɗaga kai ta dubi mutum ido cikin ido.

"Ubana mahauci ne. Kakana ma mahauci ne. A Zakka."

"Zakka?" Jafaru ya zabura. "Ai ɗan iskan nan ma ɗan Zakka ne!"

"Ikrima yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Kuma ba ɗan iska ba ne."

Saude ta dafa bango. Maganganunta na jiya suka dawo mata ɗaya bayan ɗaya, sabulu bakwai, ƙuda, jini, toka. Idonta ya sauka kan lotsattsen kwanon da ke kife a gindin randa.

"Lahaula!" Hajiya ta tafa hannu. "Ashe abin har ya kai nan? Ba ƙofar gida kaɗai ba, har cikin gidan ɗana kin shigo da su! Ƙanwar mahauci goye da jikata! Jafaru, ɗauki yaron nan ka kai mota. Ke kuma ɗiyar fawa, kwance mani jikata yanzu!"

Jafaru ya fizgi hannun Sadiq. Yaron ya ƙwalla ƙara yana turjewa.

"Umma! Umma!"

Saude ta zube a gaban Hajiya ta kama ƙafarta.

"Hajiya, don girman Allah! Wallahi ban sani ba, ban san ƙanwarsa ba ce! Na ɗauka ke kika turo ta!"

"Ni? Ni in turo ɗiyar fawa? Ki nemi wata ƙaryar. Saki ƙafata!"

"Su kaɗai gare ni, Hajiya! Ba uwa, ba uba, ba miji. In kika tafi da su me zan zauna yi a duniya? Ki duba maraicinsu, ki duba nawa!"

"Da kin duba, da ba ki kai mu ga wanga abin kunya ba."

"Hajiya."

Zuwairatu ce. Ba ta ɗaga murya ba, amma kowa ya juyo.

"Ki bar mata 'ya'yanta. Gaskiya ta faɗa, ba ta san ni ba. Kuma ba ta son yayana. Ni shaida ce."

"Shaidar mi?"

"Jiya ya kira ta, ta ƙi ɗauka. Ta ce ita ba sa'ar ɗan fawa ba ce. Ta ce ko mun yi wanka da sabulu bakwai ƙarni ba ya barinmu. Ta ce gidanmu ƙuda, tufarmu jini, zuciyarmu ba tausayi. Ta ce kwanon da muka ci a ciki sai an wanke da toka." Ta nuna gindin randa. "Ga ma kwanon da ta ware min can, tun kafin ta san ko ni wace ce. In kina so in dafa Alƙur'ani, a kawo."

Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba, ba ta rage ba. Hawaye na bin kumatunta amma muryarta ba ta yi rawa ba.

Hajiya ta dubi kwanon, ta dubi Saude da ke durƙushe. Fuskarta ta ɗan saki.

"Haka kika ce?"

Saude ta waiga wajen zaure.

"Da ke nake! Haka kika ce, kuma har zuciyarki? Faɗi gaban ƙanwar tasa in ji da kunnena. In haka ne, ɗiyanki na nan. In ba haka ba, mota na waje."

Daga zaure ana jiyo Sadiq yana shure-shure a hannun Jafaru, muryarsa har ta dushe. Saude ta ɗago ta dubi Zuwairatu. Yanzu da ta sani, sai ta ga idon Ikrima ne sak a fuskar yarinyar, har da yadda yake yin ja in ransa ya ɓaci.

"Haka na ce," ta faɗa.

"Har zuciya?"

"Har zuciya."

"Jafaru, sako shi."

Sadiq ya rugo ya faɗa jikin uwarsa. Ta ƙanƙame shi, tana jin bugun ƙirjinsa a nata, tana kuka irin wanda ba ya fitar da sauti.

Zuwairatu ta kwance zanin goyo a hankali, ta sauko da Nana, ta damƙa mata tsohon ɗankwalin, ta ajiye ta kusa da uwarta. Ta wanke hannu a bakin rariya, ta ɗauki jakar ledarta, ta sa silifas ɗinta.

"Na bar ku lafiya."

Nana ta ga ta nufi ƙofa, ta jefar da ɗankwalin ta fasa kuka tana miƙa hannu.

*

A zaure Saude ta cim mata, da Nana a kafaɗa.

"Zuwairatu, tsaya. Don Allah tsaya." Ta rage murya. "Me ya sa ba ki faɗa min ba? Me ya sa?"

"Ya hana ni. Ya ce in kin sani ba za ki karɓe ni ba, kuma za a kore ki daga aiki. Shi ya roƙi mai ƙosai. Shi ya faɗa min sunan Nana da maganar ɗankwali. Kullum sai ya kira ya tambaya ko kin ci abinci."

Saude ta toshe bakinta da hannu.

"Innarmu ma ba ta so," yarinyar ta ci gaba. "Ba ku kaɗai kuka iya ƙi ba. Ta ce masa irinku ko sun aure mu a ransu ƙyama suke. Ya rantse mata ke daban ce, har kuka ya yi, babba da shi. Shi ne ta ce to in zo in yi kwana uku in gani da idona. In na koma da labari mai daɗi, ita da kanta za ta tura manya su nemi a sasanta da mutanen Batsari."

"Ba har raina ba ne! Wallahi ba har raina ba ne, Zuwairatu. Na zaci 'yar rahoto ce ke, don ki kai musu na faɗa. Ke ma kin ga abin da suka so yi min. Ina son yayanki, Allah ya sani ina sonsa. Ki faɗa masa haka."

"Jiya ba ki san ni ba, Malama, na yarda." Ta share hawaye da gefen hijabi. "Yau fa? Yau kin san ko ni wace ce, kika dube ni kika ce har zuciya."

"'Ya'yana ne! Ke da kanki kika ba da shaidar!"

"Na bayar don Sadiq da Nana, ba su yi min komai ba. Ban ce kin yi laifi ba. Amma Inna za ta tambaye ni abin da na gani, shi ma zai tambaya. Ni ban iya yi musu ƙarya ba."

"To me za ki ce masa?"

"Abin da na ji."

Ta fita.

Saude ta leƙa ta bakin zaure. Can ƙarshen layi, a gindin bishiyar bedi, ga Ikrima zaune kan babur. Kwana uku sun cika, ya zo ɗaukar ƙanwarsa ya ji sakamako. Ya sa farar shadda sabuwa wadda ya je masallacin Juma'a da ita, ya karya hula. Da ya hango Saude, fuskarsa ta washe, ya ɗan ɗaga hannu kaɗan yadda mutanen layi ba za su lura ba.

Ba ta iya ɗaga nata ba.

Tana tsaye tana kallo Zuwairatu ta isa wurinsa. Ya sunkuyo da murmushinsa yana tambaya. Yarinyar ta fara magana. Daga nan zaure ba a jin komai, amma Saude ta ga lokacin da hannunsa ya sauka daga kan babur, ta ga lokacin da ya cire hular ya riƙe ta a cinya. Ya juyo ya dube ta sau ɗaya, kallo mai tsawo, kamar yana jiran ta fito ta ƙaryata.

Taku ashirin ne tsakaninsu. Ta ɗaga ƙafa ta ɗora a kan dokin ƙofa.

"Umma," in ji Sadiq daga bayanta, ya riƙe zaninta gam da hannu biyu. "Kada ki tafi."

Daga tsakar gida kuma muryar Hajiya ta taso, a sake, har da 'yar fara'a.

"Saude! Zo ki riƙe mani sauran naman ga in yanka. Amma fara wanke wuƙar da toka."

Saude ta janye ƙafarta. Tana tsakiyar zaure ta ji tashin babur ɗin.